Upward Bound: Sharhi Kan Shirin da Ke Raka Yaran Makarantun Gwamnati Zuwa Jami'a a Amurka

Duk iyayen da suka taɓa sa yaro a sakandaren gwamnati a unguwar Bronx ta birnin New York sun san ofishin malamin ba da shawara, kuma sun san cewa mutumin da ke zaune a cikinsa ba shi da lokacin kansa. Shi ne ke tsara wa ɗalibai jadawalin darussa, shi ke bin sawun wanda ya daina zuwa makaranta, shi ake nema idan an yi faɗa ko wani yaro ya shiga damuwa, sannan bayan wannan duka ake sa ran zai zauna da kowane ɗan aji 12, wato ajin ƙarshe na sakandare, ya taya shi zaɓen jami'a da neman kuɗin karatu. Ƙungiyar malaman ba da shawara ta Amurka ta daɗe tana cewa bai kamata malami ɗaya ya riƙe ɗalibai fiye da 250 ba, amma matsakaicin abin da ake samu a faɗin ƙasar ya haura 370. Masu hali suna cike wannan giɓi da aljihunsu, domin akwai masu ba da shawara na kuɗi da ake biya dubban daloli. Yaron direban tasi da na mai kitso da na mai kula da tsofaffi a gidajensu kuwa sai dai ya dogara da shirye-shiryen kyauta, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka fi daɗewa shi ne Upward Bound. 'Yata ta yi shekarunta na sakandare a cikinsa, na kuma ga yadda ya yi da yaran wasu gidajen Hausawa da suka fito daga Kumasi da Nima da Yamai da Kano, saboda haka nake ganin ina da abin cewa a kansa.

Shirin ya samo asali ne daga dokar yaƙi da talauci ta 1964, zamanin Shugaba Lyndon Johnson, daga baya kuma aka haɗa shi da wasu shirye-shirye irinsa a ƙarƙashin sunan TRIO, waɗanda Ma'aikatar Ilimi ta tarayya ke ɗaukar nauyinsu. Abin da ya kamata iyaye su fara fahimta shi ne gwamnati ba ta gudanar da shi da hannunta. Kuɗi take bai wa jami'o'i da kwalejoji da ƙungiyoyin al'umma na tsawon shekara biyar-biyar, su kuma su ɗauki ma'aikata su yi wa wasu keɓaɓɓun makarantu ko unguwanni hidima. A New York, alal misali, cibiyar Double Discovery ta Jami'ar Columbia tana wannan aiki tun 1965. Akwai rassa kusan 1,000 a ƙasar, masu ɗauke da ɗalibai sama da 70,000, wato kowane reshe bai cika wuce yara sittin zuwa ɗari da 'yan kai ba. Saboda haka wanda ya yabi Upward Bound ko ya kushe shi, a haƙiƙa reshen da ya sani yake magana a kai, kuma ingancin reshe yana rataye ne a wuyan daraktansa da 'yan ma'aikatan da ke tare da shi.

Sharuɗɗan shiga a bayyane suke. Yaro ya kasance ya gama aji 8, shekarunsa tsakanin 13 da 19, kuma ɗan ƙasa ne ko mai takardar izinin zama ta dindindin. Doka ta ce kashi biyu cikin uku na ɗaliban kowane reshe su kasance sun haɗa abubuwa biyu: gidansu mai ƙaramin ƙarfi ne, kuma babu mai digirin farko a cikin iyayensu, sauran kashi ɗayan kuwa ɗaya daga cikin sharuɗɗan biyu ya isa. Ma'aunin ƙaramin ƙarfi shi ne kada kuɗin shigar gida ya wuce ninki ɗaya da rabi na layin talauci, wanda a 2024 ya kama dala 46,800 ga gida mai mutum huɗu. Da yawa daga cikin mutanenmu suna jin wannan adadi su cire rai, alhali abin da ake dubawa shi ne kuɗin da ake ɗora wa haraji bayan an cire rangwame, ba jimillar abin da mutum ya samu a shekara ba. Kafin maigida ya ce ya fi ƙarfin shirin, ya ɗauko takardar harajinsa ya kai musu su duba.

A cikin shekarar karatu, aikin bai da wani armashi a ido. Akwai darasin ƙari bayan an tashi daga makaranta, akwai zaman ranar Asabar a harabar kwalejin da ke riƙe da reshen, inda ake bitar lissafi da kimiyya da rubutun Turanci da adabi da wani harshen waje, domin waɗannan doka ta wajabta. Ana biyan ɗalibi ɗan alawus wanda ba ya wuce dala 40 a wata lokacin karatu da dala 60 a watannin bazara, kuɗin da a New York bai kai na abincin rana na mako guda ba, don haka babu wanda zai shiga saboda shi. Darussan kansu ma ban ga sun fi na makaranta mai kyau ba, tunda galibin masu koyarwar ɗaliban jami'a ne ko malaman sakandare da ke neman ƙarin abin masarufi. Abin da ya bambanta wurin da makaranta shi ne akwai mutum guda da ke karɓar sakamakon yaro kowane zango, ya san wane darasi ya faɗi, ya san saura jarrabawar Regents (jarrabawar sakandare ta jihar New York) nawa ta rage masa, kuma zai ɗauki waya ya kira gida idan bai gan shi ranar Asabar ba. A makarantar da malami ɗaya ke riƙe da ɗaruruwan yara, ɗalibi mai natsuwa da ba ya tayar da fitina yakan iya gama shekara huɗu ba wanda ya tambaye shi inda ya nufa.

Zangon bazara na mako shida shi ne kashin bayan shirin. A wasu rassa yara suna kwana a ɗakunan kwanan jami'a daga Litinin zuwa Juma'a, a wasu kuma suna zuwa da safe su koma gida da yamma. Suna shiga ajin da za su haɗu da shi a shekara mai zuwa tun kafin a buɗe makaranta, a kai su ziyarar jami'o'i na ciki da wajen jihar, sannan waɗanda suka kammala sakandare sukan ɗauki darasin jami'a na gaske kafin su fara zangon farko. Yaron da ya kwana a ɗakin ɗalibai, ya ci abinci a ɗakin cin abincinsu, ya ɓace a laburare ya sake gano hanya, ba ya ƙara kallon jami'a a matsayin wurin wasu mutane daban.

Inda ma'aikatan shirin suke cin albashinsu da guminsu shi ne aji 12. Tun daga bazarar da ta gabace shi ake zama a fitar da jerin makarantun da yaro zai nema, a gauraya jami'o'in gwamnati na CUNY da ke cikin birni da na SUNY da ke faɗin jiha da masu zaman kansu, a kuma nuna masa ƙofofin da ba kowa ya san da su ba, irin su SEEK da College Discovery a CUNY, da EOP a SUNY, da HEOP a jami'o'i masu zaman kansu, waɗanda ke karɓar yaran gidajen talakawa da makinsu bai kai na sauran ba, su kuma ba su tallafi da mai kula da su har su gama. Kasancewa cikin shirin yana sa a yafe wa ɗalibi kuɗin jarrabawar shiga jami'a ta SAT da kuɗin cike fom ɗin neman gurbi. Sai kuma rubutun nan da ɗalibi ke bayyana kansa a fom ɗin neman gurbi na bai-ɗaya da ake kira Common App, rubutun da ba ya wuce kalma 650. Yaranmu an tarbiyyantar da su a kan cewa yabon kai jahilci ne, kuma ba a fitar da sirrin gida waje, shi ya sa rubutunsu na farko yakan fito a bushe, cike da godiya ga iyaye da alƙawarin zama likita. Na ga takardar 'yata bayan mai ba ta shawara ta bi ta da jan biro: ta ja layi a kan sakin layi uku na farko gaba ɗaya, ta zagaye jimla guda a can ƙasa inda yarinyar ta ambaci cewa ita ke yi wa kakarta tafinta a asibiti tun tana ƙarama, sannan ta rubuta a gefe cewa daga nan za ta fara. Ba ta rubuta mata ko kalma ɗaya ba, tambayoyi kawai ta jera mata.

Batun kuɗi ne ya fi komai rikitarwa, kuma a nan ne na fi ganin amfanin shirin. Fom ɗin FAFSA, wanda shi ne mabuɗin tallafin gwamnatin tarayya, yana duba harajin shekara biyu da suka wuce, don haka mai shiga jami'a a 2025 harajin 2023 ake nema daga iyayensa. A sabon tsarin, dole uba ko uwa su buɗe nasu asusun a shafin gwamnati, su kuma ba da izinin a ɗauko bayanansu kai tsaye daga hukumar haraji, idan kuwa suka ƙi, yaron ba zai samu kyautar kuɗin karatu daga tarayya ba. Shekarar da aka fara wannan tsari ta kasance shekarar wahala: fom ɗin da aka saba buɗewa 1 ga Oktoba bai fito ba sai ƙarshen Disamban 2023, kuma iyayen da ba su da lambar Social Security, wato lambar shaida da gwamnatin tarayya ke bayarwa, sun yi watanni shafin yana ƙin karɓarsu, duk da cewa 'ya'yansu 'yan ƙasa ne masu cikakken haƙƙi. Wani maƙwabcina direban tasi ya yi rantsuwa ba zai sa bayanansa a kwamfutar gwamnati ba. Ɗansa ya yi ta lallashi yana cewa, "Baba, don Allah ka zo ka ji daga bakinta kawai." Da ya je, mai ba da shawarar ta shimfiɗa takardar harajinsa a kan tebur, ta nuna masa da yatsa cewa duk abin da fom ɗin ke nema shi da kansa ya riga ya miƙa wa gwamnati, sannan ta lura cewa mai cike masa haraji ya rubuta shi a matsayin wanda ke riƙe da gida shi kaɗai alhali yana zaune da matarsa, kuskuren da kan sa jami'a ta dakatar da tallafi har sai an gyara. Ya fito yana cewa, "Wallahi yarinyar nan ta san aikinta," kuma cikin makon ya koma wurin mai harajin.

Bayan takardun karɓa sun iso a watan Maris da Afrilu, sai a shiga kwatanta tayin tallafi kafin ranar 1 ga Mayu da akasarin jami'o'i ke jiran amsa. Waɗannan takardu ba su da tsari ɗaya, kuma wasu jami'o'in suna jera kyauta da bashi a layi guda su tara jimilla, ta yadda uba zai ga babban adadi ya yi hamdala bai san rabinsa rance ne da zai hau kansa ba. Ma'aikatan shirin suna sa yaro ya zana jadawali da hannunsa: ga cikakken kuɗin shekara, ga abin da ba za a biya ba, ga bashin da ke kan ɗalibi, ga bashin Parent PLUS da ke kan iyaye mai kuɗin ruwa mafi tsada, ga abin da ya rage a fitar daga aljihu. Ga gidan Musulmi da ke gudun riba, wannan jadawali yana da nauyi na musamman, kuma lissafin New York yana da sauƙi a kan na jihohi da dama. Tallafin tarayya da ake kira Pell mafi yawa dala 7,395 ne, na jiha da ake kira TAP yana kai wa 5,665, kuɗin karatun kwalejojin CUNY masu shekara huɗu kuwa 6,930 ne ga mazaunin jiha, saboda haka yaron da ke kwana a gida zai iya gama digiri bai ci bashi ba. Abin da iyaye ba su cika sani ba shi ne wasu jami'o'in da sunansu kaɗai ke ba mu tsoro sun fi arha ga talaka, domin Princeton ta cire bashi daga tayin tallafinta tun 2001, Harvard da Columbia ma sun bi sahu. Haka kuma kuɗin da muke aikawa gida wa iyaye da ƙanne ba shi da gurbi a fom ɗin FAFSA, amma ana iya rubuta wa ofishin tallafin jami'a takardar roƙo a bayyana nauyin da ke kan gida, kuma mai ba da shawara ya san yadda ake tsara ta.

Duk da haka, adalci ya sa a faɗi cewa hujjar bincike a kan shirin ba ta kai ƙarfin yabon da ake yi masa ba. Takardun tallarsa sukan ambaci taurari irin su Oprah Winfrey da Viola Davis da Angela Bassett a matsayin tsofaffin ɗalibai, wanda gaskiya ne, sai dai mutum uku ba hujja ba ne. Babban binciken da kamfanin Mathematica ya yi wa Ma'aikatar Ilimi, wanda ya fara bin yara kimanin 2,800 a rassa 67 tun farkon shekarun 1990 ya kuma fitar da rahoton ƙarshe a 2009, bai ga wani bambanci na a zo a gani ba a yawan shiga makarantun gaba da sakandare tsakanin waɗanda aka ɗauka a shirin ta hanyar ƙuri'a da waɗanda ƙuri'ar ba ta faɗa kansu ba. Jami'an ma'aikatar biyu da suka sa ido a kan aikin, Margaret Cahalan da David Goodwin, sun ƙalubalanci sakamakon, suna cewa an ɗora wa reshe guda nauyin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na lissafin, kuma idan aka gyara wannan amfanin shirin yana fitowa fili. Ba ni da hurumin raba wannan gardama, amma akwai abu biyu a cikin rahoton da suka yi daidai da abin da idona ya gani: wanda ya daɗe a shirin ya fi amfana, kuma amfanin ya fi bayyana ga yaron da tun farko bai sa ran zai yi digiri ba. Yara da yawa suna barin shirin tun ba a je ko'ina ba, sau da yawa don su kama aikin da zai kawo kuɗi, kuma wanda ya yi 'yan watanni ya tafi bai ɗanɗani komai ba.

Babban aibin shirin a wurina shi ne ƙanƙantarsa. Ana kashe kusan dala 5,000 a kan kowane ɗalibi a shekara, abin da ya sa gurbi ya yi kaɗan ƙwarai idan aka kwatanta da birnin da makarantun gwamnatinsa ke ɗauke da yara wajen 900,000, kuma idan makarantar yaronka ba ta cikin waɗanda wani reshe ke yi wa hidima, cancantarsa ba za ta amfane shi ba. Sharaɗin takardun zama ma yana rufe ƙofa ga yaran da suka fi buƙata, duk da cewa dokar jihar New York ta 2019 ta ba irin waɗannan yara damar neman TAP. Ga kuma rashin tabbas da ke bin kuɗin shirin. Gwamnatin George W. Bush ta nemi a soke shi a tsakiyar shekarun 2000 majalisa ta ƙi, a 2017 aka yi watsi da takardun gomman rassa saboda kuskure irin na tazarar layi kafin a sake duba su bayan an yi ca a kan ma'aikatar, sannan kasafin da fadar White House ta gabatar a Mayun 2025 ya nemi a daina ba TRIO kuɗi ɗungurungum. Ma'aikacin da bai san ko aikinsa zai kai baɗi ba yakan nemi wani wurin, kuma tunda darajar shirin tana cikin mutumin da ya san yaro shekara da shekaru, kowane canjin ma'aikaci asara ce.

Akwai kuma wuraren da tsarin ke cin karo da rayuwar gidajenmu. Asabar ranar Islamiyya ce a yawancin masallatan Bronx, bazara kuma lokacin da ake tura yara gida su ga dangi su yi tilawa, ga iyaye da dama da ba za su bar 'ya mace ta kwana a waje mako shida ba. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne, kuma ban ga dalilin da za a yi musu kallon ƙauyanci ba. Abin da na lura shi ne ana samun maslaha idan an yi magana tun farko: a mayar da karatun allo Lahadi ko yammacin ranakun mako, a nemi reshen da ba a kwana, a tambayi yadda aka raba ɗakunan maza da na mata da wanda ke kwana da su, a yi batun abincin halal da wurin salla da fita Juma'a kafin a sa hannu. Tafiya gida kuwa gara a ajiye ta a ƙarshen Agusta, domin wanda ya tsallake zangon bazara ya bar mafi tsokar abin.

Wanda bai samu gurbi ba yana da wasu hanyoyi. Talent Search, wanda shi ma na TRIO ne, yana ɗaukar yara da yawa tun daga ƙaramar sakandare, amma hidimarsa ba ta kai wannan zurfi ba. Bottom Line, da aka kafa a Boston a 1997 kuma yake aiki a New York, yana karɓar ɗalibi ne dab da aji 12, ba ya koyar da darasi, sai dai yana ci gaba da bin sa a cikin jami'a har shekara shida, kuma binciken Andrew Barr da Benjamin Castleman ya nuna yana ƙara yawan masu kammala digiri. A nan ya fi Upward Bound, wanda hidimarsa ke tsayawa a bakin ƙofar jami'a. Posse, da Deborah Bial ta kafa a 1989, tana tura yara goma-goma jami'a ɗaya tare da cikakken kuɗin karatu, amma gasarta mai tsanani ce kuma sai an gabatar da sunan ɗalibi.

Hukuncina shi ne Upward Bound ya cancanci Asabar ɗin yaro da bazararsa, musamman yaron da makinsa ke tsaka-tsaki kuma babu wanda ya taɓa yin jami'ar Amurka a gidansu, da sharaɗin a shigar da shi tun aji 9 kuma iyaye su tsaya masa ya kai ƙarshe. Wanda ya riga ya kai aji 11 gara ya nufi Bottom Line ko makamancinsa. Kafin a cike fom, uba ko uwa su je ofishin reshen da ƙafarsu su tambayi shekara nawa daraktan da masu ba da shawara suka yi a wurin, yara nawa daga cikin 'yan aji 12 na bara suka shiga jami'a kuma waɗanne jami'o'i ne, yaushe wa'adin kuɗin reshen zai ƙare, da kuma ko za a zauna da iyaye ranar cike FAFSA. A tafi da takardar harajin bara, da sakamakon yaro na ƙarshe, da shaidar zama ɗan ƙasa ko ta izinin zama, domin su za a fara nema.